Zakaran Borodianka da wahalar saka tukunya cikin kwamfuta

A watan Afrilun 2022, bayan sojojin Rasha sun janye daga kewayen Kyiv, wani hoto ya fito daga garin Borodianka na ƙasar Yukiren ya zaga duniya. Dogon bene ne bam ya tsaga, ɗakuna sun rufta, komai ya zube ƙasa, amma can sama a jikin bangon da ya rage ga kabad ɗin kicin na wani gida yana nan liƙe abinsa, a samansa kuma wani zakaran tangaran yana tsaye bai fashe ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jere zai gane irin kayan nan, ba wani abin sarakuna ba ne, buta ce mai siffar zakara da masana'antar tangaran ta garin Vasylkiv ta riƙa bugawa da yawa tun zamanin Tarayyar Sobiyat, gidaje bila adadin suna da irinta. Kan ka ce kwabo zakara ya zama alamar juriya, har ranar 9 ga Afrilu da Boris Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin, ya je Kyiv aka ba su kyautar irinsa shi da shugaban Yukiren Zelensky a kan titi, shi kuwa kabad ɗin ma'aikatan gidan tarihin Maidan da ke Kyiv suka je suka ciro shi daga bango suka adana.

Abin da ya ja hankalina a labarin wani ɗan ƙaramin abu ne. Da hoton ya fara yawo an ce aikin wani magini ne Prokip Bidasiuk, sai daga baya masana suka gyara suka ce a'a, na Valerii Protoriev ne da matarsa Nadiia. Hoto ya kai ko'ina cikin kwana biyu, sunan mai aikin kuwa sai da aka koma wajen waɗanda suka san tarihin masana'antar. Duk rikicin mayar da kayan tarihi cikin kwamfuta yana cikin wannan ɗan tsakanin.

Bari in ɗan faɗi wane irin kaya ake magana a kai, don in an ce tukwanen Yukiren ba abu ɗaya ba ne. Akwai Opishnia a lardin Poltava, garin da suke ɗauka a matsayin cibiyar ginin tukwane, can ne ma aka kafa gidan tarihin tukwane a 1986 wanda yanzu na ƙasa ne baki ɗaya. Su aikinsu tuluna ne da kwanuka masu furanni, da butoci masu siffar rago ko zaki, da wata buta mai zagaye kamar taya da rami a tsakiya da suke kira kumanets, da 'yan usur na yumɓu da ake yi wa yara. Yadda suke zanen ma abin kallo ne, ƙahon saniya ake samu a sa masa bututun gashin tsuntsu a baki, a zuba ruwan yumɓu mai launi a ciki, tukunya na juyawa mai zane na ɗiga mata layi, kusan yadda mai lalle ke matsa leda tana jan zane a hannu.

Sai Kosiv can cikin duwatsun Carpathia, ƙasar mutanen Hutsul, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2019. Su nasu da ka gani ka gane, farin fage ne da launi uku, kore da rawaya da ruwan ƙasa. Ana shafe kayan da farin yumɓu, a karce zanen da tsinke tun bai gama bushewa ba, a gasa, a sa launi, a zuba ruwan gilashi a sake gasawa, a wuta ta biyun nan koren da ake samu daga tagulla yakan narke ya ɗan zubo ya wuce layi, su suna ce masa hawaye kuma ba sa ɗaukarsa aibi. Babban gwaninsu Oleksa Bakhmatiuk, wanda ya rasu a 1882, ya shahara ne da tayil ɗin da ake lulluɓe murhun ɗumama ɗaki da su, kowane tayil da labarinsa, ga soja ga mafarauci ga makaɗi ga keken doki ga waliyyansu na Kirista, murhu ɗaya sai ka ce littafi ne aka manna a bango. Akwai kuma ƙauyen Havarechchyna a lardin Lviv da ke yin baƙaƙen tukwane, a goge da dutse mai santsi sannan a toshe wutar a ƙarshe hayaƙi ya shige jikin yumɓun, dabarar da maginanmu ma ba baƙuwa ba ce a wurinsu. In ka fita daga tukwane ga zanen furanni na ƙauyen Petrykivka da ya shiga jerin UNESCO tun 2013, wanda ake yi da burushin gashin kyanwa da kan yatsa.

To me ya kawo gaggawa? Yaƙi mana. An fara mamayar ranar 24 ga Fabrairun 2022, ba a rufa mako ba gidan tarihin garin Ivankiv ya ƙone, inda ake ajiye da zanen Maria Prymachenko, shahararriyar mai zanen gargajiya ta ƙasar, sai mutanen gari ne suka kutsa suka fito da wasu. A Kherson kuwa ba wuta ba ce, motoci aka kawo tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamban 2022 aka kwashe kaya sama da 10,000 daga gidan zane-zanen birnin aka nufi Simferopol a Kirimiya da su, 'yan kwanaki kafin sojojin Rasha su bar garin. Wanda ya fi taɓa ni shi ne gidan Polina Raiko a Oleshky, tsohuwa ce da ta fara zane tana da shekara 69, ta zane bangon gidanta da rufi da ƙofofi kaf da tsuntsaye da dabbobi da furanni har ta rasu a 2004, da madatsar ruwan Kakhovka ta fashe ranar 6 ga Yunin 2023 ruwa ya shanye gidan, fenti ya ɓare. Bango dai ba a naɗe shi a gudu da shi. Yau in kana son ganin aikinta yadda yake, sai dai hotunan da mutane suka ɗauka kafin ruwan.

Tangaran kuma matsalarsa daban ce da ta zanen kan kyalle. Ko bam bai faɗo a kan ginin ba, girgizar da ke biyo baya kaɗai ta isa ta zubar da kanta guda, shi ya sa gidajen tarihi da yawa suka kwashe kayansu suka naɗe suka sa a akwatuna suka ɓoye, ɗakunan nuni suka zama wayam. Ka ga ke nan nunin intanet da a da ake ɗauka kwalliya ce ta masu kuɗi, yanzu a wurare da dama shi kaɗai ne ƙofar da ɗan makaranta zai ga tukunyar kakanninsa.

Yadda ake aikin kuwa ya fi yadda ake zato wahala. Hanyar da aka fi bi sunanta fotogirametiri, wato haɗa siffar abu daga hotuna masu yawa. Za ka ɗora tulu a kan faifai mai juyawa, kyamara a kafe a kan ƙafafunta, ka ɗauka, ka juya faifan kamar digiri 10, ka sake ɗauka, zagaye ɗaya hoto 36 ke nan, sai ka ɗaga kyamarar sama kaɗan ka sake zagayen, ka ƙara ɗagawa, in ka yi hawa huɗu ka tara 144, sannan ka kife tulun don a samu gindinsa ka maimaita, ka doshi 300 a kan abu ɗaya. A gefe akwai ɗan ma'auni don kwamfuta ta san girman gaske da katin launuka don kada kore ya koma shuɗi. Manhaja irin Metashape ko RealityCapture ita za ta bi hotunan tana neman ɗigon da ya bayyana a wannan ya kuma bayyana a wancan, daga nan ta lissafa inda kowane ɗigo yake a sarari, ta haɗa su su zama raga, ta lulluɓe ragar da launin hotunan.

A nan gizo ke saƙar. Manhajar ta dogara ne da cewa ɗigo yana nan inda yake, shi kuwa tangaran mai sheƙi madubi ne, hasken fitila na sauka a kafaɗar tulu ya yi fari fat, ka juya tulun hasken bai bi shi ba ya koma wani wurin, sai kwamfuta ta rikice ta ɗauka wani abu ne a jikin tulun, ta fito maka da shi da ƙuraje ko da rami inda babu rami. Maganin da aka saba shi ne a rufe fitila da wata leda mai tace haske, a sa wa kyamara gilashi irinta a murɗa shi har sheƙin ya mutu. Yana aiki sosai, sai dai ka lura da abin da ya faru, ka kashe ƙyallin ne don ka samu siffa, alhali ƙyallin nan rabin kyan kwanon Kosiv ne, dole daga baya wani ya zauna ya mayar masa da sheƙi na ƙarya a kwamfuta, yana ƙiyasi da ido. Akwai hodar feshi da masu aikin injiniya ke fesa wa ƙarfe don ya daina ƙyalli, amma wane mai kula da kayan tarihi ne zai bari ka fesa wa kwanon shekara 150 hoda? Baƙar tukunyar Havarechchyna kuma nata ciwon kan daban, baƙa ce sumul ba ɗigon da manhaja za ta kama. Cikin buta mai siririn wuya kuwa kyamara ba ta shiga sam, saboda haka yawancin butocin da kake juyawa a waya fanko ne kawai, fatar waje, ba kauri ba ciki, in ana son ganin ciki sai an kai ta na'urar hoton asibiti irin ta sikanin ƙwaƙwalwa. Ga shi kuma a ciki ne sawun yatsun magini yake.

Ka haɗa duk wannan da rashin wuta, don tun Oktoban 2022 Rasha ke dukan tashoshin lantarkin ƙasar, kwamfutar da ke buƙatar sa'o'i tana lissafi kuma ba ta son a ɗauke mata wuta a tsakiya. Wannan kam ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mutane sun yi ƙoƙari, ba laifi. Wani kamfani a Lviv mai suna Skeiron ya riƙa bin coci-coci da gine-gine da kayan gidajen tarihi yana aunawa da na'urar leza. A Afrilun 2022 aka fito da shirin Backup Ukraine, haɗin gwiwar manhajar Polycam da hukumar UNESCO ta Denmak da ƙungiyar kare kayan tarihi ta Blue Shield ta can, wai kowa ya ɗauki wayarsa ya zagaya mutum-mutumi ko gini ya tura. Tun farkon Maris kuma wasu ma'aikatan laburare da jami'a, Quinn Dombrowski da Anna Kijas da Sebastian Majstorovic, suka tara 'yan sa-kai sama da 1,000 a ƙarƙashin wani shiri mai suna SUCHO suna kwafe shafukan intanet na gidajen tarihi da laburaren Yukiren kafin rumbunan kwamfutar su mutu, suka tara sama da terabayit 50. Ni a ganina na ƙarshen nan ya fi na wayar amfani nesa ba kusa ba duk da bai kai shi daɗin labari a jarida ba, don abin da aka ɗauka da waya a guje yana da kyau a ido amma mai gyaran kayan tarihi ba zai iya dogara da ma'auninsa ba.

Abin da nake son kaiwa gare shi shi ne, tulun da ke juyawa a allo shi ne ɓangaren da ake nuna wa baƙi da masu ba da tallafi, amma aikin da ke ceto shi ne wanda ba wanda ke son yi, wato rajista. Lambar kaya, tsawo da faɗi, wa ya gina, a wane ƙauye, wace shekara, daga hannun wa aka karɓa, ina ya tsage, wane tambari ne a gindinsa, da hoto biyu ko uku masu kyau. Akwai ma ƙa'idar duniya a kan haka tun 1997 mai suna Object ID, wadda aka tsara don 'yan sanda da kwastan su iya gane kayan sata. Gidajen tarihi da yawa a Yukiren rajistarsu a manyan littattafan takarda take da rubutun hannu, a cikin ginin da kayan suke, in wuta ta ci ta ci duka, in ɓarawo ya zo ya haɗa da littafin, shike nan ba ka ma da hujjar cewa abin ya taɓa zama naka. Ma'aikatan gidan zanen Kherson sun riƙa gane kayansu ɗaya bayan ɗaya a cikin hotuna da bidiyon da ke fitowa daga Kirimiya, kuma abin da ya ba su damar haka shi ne suna da bayanan kayan a hannu. Ga tukwane abin ya fi tsanani, zanen babban mai zane guda ɗaya ne a duniya, kwanon Opishnia kuwa yana da 'yan uwa ɗari masu kama da shi, in ba ka da hoton tsagar da ke leɓensa da lambar da aka rubuta a gindinsa, ta yaya za ka tsaya a kotu ko gaban ɗan gwanjo ka ce wannan ne?

Yi lissafi ma ka gani. Ana ƙiyasta kayan gidajen tarihin gwamnatin Yukiren da kusan miliyan 12. Ka ce kowane ɗaya awa guda kacal zai ci a yi masa 3D, wato siffar nan da ake juyawa a allo, wanda ƙarya ne ya fi haka, mutum 100 masu aikin awa 2,000 a shekara sai sun shekara 60. Saboda haka dole a zaɓa, kuma duk wanda ya zaɓa ya yanke hukunci ne a kan abin da jikoki za su gani. Abin da aka saba shi ne a ɗauki zaki mai ado da tayil ɗin Bakhmatiuk, a bar tukunyar miya mai baƙin gindi da ba a san maginin ta ba, alhali ita ce ke ba da labarin yadda mutane suka rayu. Ivan Honchar, mai sassaƙar da ya cika gidansa na Kyiv da kayan ƙauye a zamanin da hukumomin Sobiyat ke hararar irin wannan aiki, wanda tarinsa ya zama gidan tarihi a 1993, irin waɗannan kayan talakawa ya yi ta bi ƙauye-ƙauye yana tarawa. Sunan nasa ma, Honchar, a harshensu maginin tukwane yake nufi.

Mu ma mun ga amfanin rajista a kusa da mu. Da aka buɗe Digital Benin, shafin intanet na kayan tarihin masarautar Benin, a Nuwamban 2022, abin da ya ba shi ƙarfi jeri ne, kaya 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, kowane da inda yake da yadda ya je can da sunansa a harshen Edo. Wanda ke neman a dawo masa da kayansa jeri yake fara buƙata.

Sannan akwai siyasar suna, wadda a Yukiren ba ƙaramar magana ba ce. Shekara da shekaru kayan da suka fito daga can ana rubuta musu na Rasha ko na Sobiyat a gidajen tarihin Turai da Amurka. A 2022 ne babban gidan zane na Landan ya canza sunan wani zanen Degas, mai zanen nan ɗan Faransa, daga 'yan rawar Rasha zuwa 'yan rawar Yukiren, a 2023 kuma gidan Metropolitan na New York ya gyara bayanin masu zane irin su Kuindzhi, ya mayar da su 'yan Yukiren. A katin da ke manne a bango kuskure yana tsayawa a ɗaki ɗaya, a intanet kuwa duk wanda ya kwafi hoton ya kwafi kuskuren, injin bincike ya haɗiye, gobe ɗalibi ya rubuta a jarrabawa. Gurbin da aka rubuta ƙasar asali a cikin fom ɗin kwamfuta, ɗan layi ɗaya, shi ma fagen daga ne.

Kada kuma a ɗauka abin da ya shiga kwamfuta ya tsira har abada. Tukwanen mutanen da na Trypillia da mai haƙar tarihi Vikentiy Khvoika ya tono kusa da Kyiv a shekarun 1890 sun haura shekara 5,000 a ƙasa kuma zanensu na nan, fayil kuwa shekara 15 ma sai an yi da gaske. Gidajen tarihi nawa ne a duniya suka kashe kuɗi suka yi yawon buɗe ido na intanet da manhajar Flash, da kamfanin Adobe ya rufe shi a ƙarshen 2020 duk suka zama baƙin allo? Hotunan 3D na kayan tarihi da yawa a shafin Sketchfab ake ɗora su, kamfani ne mai zaman kansa da Epic Games masu wasannin bidiyo suka saya a 2021, ranar da suka canza tsari sai dai ka bi. Kuma abin da ake ɗorawa a can an rage masa nauyi ƙwarai don ya buɗu a waya, na asalin mai nauyi da ɗanyen hotunan suna wani faifai a ofis, in ba a yi kwafi uku an kai ɗaya wata ƙasa ba to aikin na nan a bakin rami kamar tukunyar kanta. Ga batun haƙƙin mallaka, Prymachenko ta rasu a 1997 kuma doka na kare aiki shekara 70 bayan mutuwar mai shi, saboda haka kasancewar zanen a gidan tarihi bai ba kowa izinin bugawa a riga ba. Magina masu rai a Kosiv su ma suna da dalilin ɗari-ɗari, in ka saki siffar butarsu dalla-dalla kyauta me zai hana wata masana'anta a wata nahiya ta zuba ta a injin ta cika kasuwa? A lokacin yaƙi kuma har bayanin inda kaya yake sai an yi hattara da shi, jerin da zai taimaki ɗan sanda shi ne zai taimaki mai zuwa da mota.

Akwai dai abin da nunin intanet ya fi ɗakin nuni, gaskiya. A gidan tarihi ba mai barinka ka kife kwano ka ga tambarin gindinsa, a allo kuwa ka juya yadda ka ga dama, ka matso har ka ga inda tsinken mai karce ya kauce. Tayil ɗin murhu ɗaya da suka watse, wasu a Kolomyia wasu a Lviv wasu a ƙasashen waje, ana iya jera su wuri ɗaya a ga yadda murhun yake tun asali. Miliyoyin 'yan ƙasar da ke gudun hijira a Poland da Jamus 'ya'yansu na iya gani daga inda suke.

Amma je ka kasuwa ka kalli tsohuwa tana sayen tukunya. Ba ta tsayawa kallon ado, ɗagawa take ta ji nauyi, ta shafa ciki, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta kasa kunne, in ta ji ƙara tas to ta gasu, in ta ji dum ta ajiye ta ɗauki wata. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da ke shiga 3D. Abin da UNESCO ta rubuta a 2019 ma al'adar yin aikin ce, hannun da ya san lokacin da farin yumɓu ya yi daidai karce, ba kwanukan da ke kanta ba, shi ya sa nake ganin duk shirin da zai kashe awa uku a kan tulu ɗaya ya kamata ya kashe ko da rabin awa ne a gaban mai ginin, kyamara a kan yatsunsa, a bar shi ya yi magana da bakinsa. 'Yan usur ɗin Opishnia ma haka, ɗan doki ne ko tsuntsu da bai wuce tafin hannu ba, da mabusa a wutsiya da 'yan ramuka a gefe, za ka iya ɗaukarsa hoto 300 ya fito tsaf har da tabon wuta a cikinsa, amma sai an sami wanda zai sa shi a baki ya busa an naɗi sautin an ajiye tare da lambarsa.